Jami'a ta zo mana da maganar haɗin gwiwa kan ƙarancin ruwa, mu karɓa ko mu rabu da su?

Tambayar da aka turo ita ce: "Malam barka da aiki. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta ƙananan manoma. Shekarun nan ruwa na ba mu wahala, damina ta zo a makare, in ta zo kuma sai ta ɗauke ana tsakiyar aiki, rijiyoyin da muke noman rani da su ma sun fara ja baya. Yanzu wasu malamai daga wata jami'a sun zo wai suna so mu yi haɗin gwiwa kan matsalar, su da wata jami'a ta ƙasar waje. Mutanenmu sun rabu biyu. Don Allah irin wannan abu na da amfani kuwa, ko hoto kawai za su ɗauka su tafi?"

Barka kadai Malam Sakatare, Allah ya taimaki ƙungiya. In amsa ɗaya kake so toh ku karɓa, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne zai ja mu dogon bayani don haka ka yi haƙuri da tsawon rubutun. Mutanenka masu ɗari-ɗari ba su yi laifi ba, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Ni da nake ba ka amsar nan daga ɓangaren masu zuwa da farar mota da takardun tambayoyi na fito, fannina ruwa da ƙasa ne, kuma na san abin da muka sha yi na zuwa a cika wa manomi kunne a tafi. Akwai wani shiri da na yi aiki a cikinsa ina ƙaramin ma'aikaci, muka raba wa manoma tiyon ban ruwa na ɗiga-ɗiga, aka yi taro aka tafa aka ɗau hoto, rahoto ya yi kyau sosai. Bayan shekara biyu wani aiki daban ya mayar da ni wajen, wallahi sai na tarar an yayyanka tiyon ana ɗaure shinge da shi. Na tambayi wani dattijo baba me ya faru, ya ce yaro ruwanmu na da laka, matatar ta toshe tun watan farko kuma babu inda ake sayar da irinta, sannan mu sau ɗaya layin ruwa ke zagayo mana a mako, shi kuwa wannan abin naku kullum yake so a ba shi kaɗan-kaɗan. Abu biyun nan da mun zauna mun tambaya kafin mu yi odar kaya da cikin minti goma mun ji su. Ba mu tambaya ba saboda tun a takardar neman kuɗi mun riga mun rubuta cewa tiyo za mu raba.

Toh abu na farko da za ku sa a rai shi ne jami'a ba ta da ruwa, ba za ta ƙara muku ko ɗigo ɗaya daga sama ba. Abin da take da shi shi ne iya awo da lissafi da ajiye bayani na shekaru, kuma kar ka raina wannan, don yawancin abin da muke kira ƙarancin ruwa a gona in ka duba ruwan ya sauka, sai dai ya sauka a lokacin da bai dace ba ko kuma ya gudu ƙasa ba ta riƙe shi ba. Bari in ba ka lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, wato in an yi milimita 500 a damina lita miliyan 5 ta zuba a wannan hektar. Masara tana buƙatar tsakanin milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, dawa kuma 450 zuwa 650. Amma a busassun yankuna sau da yawa abin da shukar ke sha da gaske bai kai kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ya sauka ba, sauran rana ta ƙone shi daga saman ƙasa, wani ya kwarara ya tafi da taki da ƙasa mai kyau, wani ya nutse ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Sauyin yanayi kuma ya zo ya ƙara dagula lamarin, don iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin 100, kaga kenan tana saurin tsotse laimar ƙasa, in kuma ta tashi sauke ruwan sai ta sauke shi da ƙarfi a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Shi ya sa za ka ga jimillar ruwan shekara ba ta ragu sosai ba a takarda amma manomi na kuka, kuma gaskiya ce da shi, don ɗaukewar ruwa ta mako biyu ko uku daidai lokacin da masara ke fitar da fure ta isa ta cinye rabin wahalar shekara.

Wannan daban yake da fari na gaske irin wanda aka yi a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022, inda damina biyar a jere ta gaza. Irin wannan babu farfesan da ke da dabararsa a gona, sai agaji. Duk wanda ya ce muku yana da fasahar da ta fi ƙarfin wannan ku bi shi a hankali.

A wancan tsakanin ne, inda ruwa ke zuwa amma yana wasa da mutane, haɗin gwiwa da jami'a ke yin amfani, kuma misalin da na fi so shi ne na wata 'yar na'ura da ake kira Chameleon, wato hawainiya. Wani masani a hukumar bincike ta Ostireliya mai suna Richard Stirzaker ne ya ƙirƙiro ta, kuma daga 2013 jami'ar ƙasa ta Ostireliya da ke Canberra ta jagoranci wani aiki da ita a ƙananan wuraren noman rani na Mozambik da Tanzaniya da Zimbabuwe tare da jami'o'i da cibiyoyin bincike na can. Abin ba wani wahala, ana binne ma'auni uku a zurfi daban-daban inda saiwa take, sai manomi ya jona wani ɗan akwati ya ga fitila, in shuɗi ne ƙasa ta jiƙe sharkaf, kore akwai laima, ja kuma ta bushe. Babu lamba babu Turanci, wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai karanta. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne mutanen da ke kukan ruwa ba ya isa, da suka fara dubawa sai suka ga kullum fitilar shuɗi take nunawa, ashe ruwan yawa yake yi, saman ƙasa ne kawai ke bushewa yana ruɗarsu. Akwai kuma wani mazurari da ake binnewa yana tara ruwan da ya nutse a gwada shi, nan suka ga takin da suka saya da tsada shi ne ke bin ruwan yana wucewa ƙasa da saiwa. Da suka rage yawan ban ruwa amfanin ya ƙaru, lokacin da suke ɓatawa a bakin kwalbati ya ragu, rigimar da ake yi tsakanin na sama da na ƙarshen layi ita ma ta yi sauƙi tunda ruwa ya fara kaiwa ƙarshe. Abin lura a nan ba wanda ya zo ya yi musu lakca cewa ku rage ruwa, da an faɗa ma ba za su yarda ba, nima da ni ne ba zan yarda ba. An ba su abin da za su gani da idonsu ne suka yanke hukunci da kansu.

Ga masu noman damina kuma akwai wani tsari da jami'ar Reading ta Ingila ta fito da shi ana ce masa PICSA, an yi amfani da shi a ƙasashe sama da 20. Shi ba kaya ake rabawa ba, takarda ce da alƙalami. Ana ɗauko tarihin ruwan sama na tashar awo mafi kusa da ku, shekara 30 ko fiye, a zana shi yadda kowa zai gane, a zauna da manoma tun kafin damina a ƙirga tare, cikin shekarun nan sau nawa damina ta fara kafin kaza ga wata, sau nawa ta kai kwana 100, sau nawa ruwa ya ɗauke sama da kwana 10 bayan shuka. In kuka ƙirga kuka ga a shekara 10 sau 4 kawai damina ke kai tsawon da irin da kuke shukawa yake buƙata, toh ba sai an ce muku komai ba, kowa zai duba aljihunsa da gonarsa ya ga ko zai raba gonar biyu, rabi iri mai saurin nuna rabi wanda ya saba. Ina son wannan tsarin saboda yana gyara wani kuskure da duk muke yi, ƙwaƙwalwar mutum shekarar da ta fi muni da wadda ta fi kyau take riƙewa, ta manta da na tsakiya. Matsalarsa ɗaya ce, tashoshin awo sun yi kaɗan musamman a Afirka, kuma ruwa na iya sauka a wannan gari ya tsallake na gaba. Wannan ne ya sa wasu malamai biyu, Nick van de Giesen na jami'ar Delft a Holand da John Selker na jami'ar jihar Oregon a Amurka, suka kafa shirin TAHMO na dasa ƙananan tashoshin awon yanayi, burinsu 20,000 ne, sun dai dasa ɗaruruwa kuma da yawa a harabar makarantu don a samu mai kula. Ku ma ko ba tasha, ma'aunin ruwan sama na roba da littafi ɗaya da mutum ɗaya mai amana da zai riƙa rubutawa kowace safiya, bayan shekara biyar kuna da abin da ba wanda yake da shi game da yankinku.

Batun iri ba zan daɗe a kai ba don shi ne wanda kowa ya sani. Gebisa Ejeta ɗan Habasha ne da ya yi digirin dakta a jami'ar Purdue, ya yi aiki a Sudan inda aka fitar da dawar nan mai jure fari Hageen Dura-1 a 1983, ya koma Purdue ya ci gaba da aiki kan dawa mai jure ƙuduji, har aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. Irin wannan aiki ne da manomi ba zai iya yi shi kaɗai ba don yana cin shekaru da yawa kafin a fitar da iri ɗaya. Sai dai ku sani mai jure fari ba yana nufin ba ya shan ruwa ba, kuma iri mai saurin nuna a shekarar da damina ta yi kyau yawanci ba ya kai mai daɗewa yawan amfani, tsuntsaye kuma su taru a kansa tunda shi kaɗai ya nuna a dajin. Ku tambaya kuma ko irin na haɗi ne da sai an sake saya duk shekara ko wanda za ku iya ajiyewa, da kuma wa zai riƙa sayar da shi in malaman sun tafi.

Wani abu da mu 'yan boko ba mu cika son faɗa ba shi ne wasu daga cikin dabarun da suka fi aiki ba daga jami'a suka fito ba. Ramukan shuka da ake kira "zai" a Burkina Faso tsohuwar dabara ce, wani manomi a lardin Yatenga mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da ita wajajen 1980 bayan farin da aka sha, ya faɗaɗa ramukan ya riƙa zuba taki a ciki tun da rani, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga, fako da ko ciyawa ba ta fitowa ya koma gona har da daji. Da farko mahaukaci aka ɗauke shi, a 2018 aka ba shi wata kyauta ta ƙasa da ƙasa mai suna Right Livelihood, ya rasu a 2023. Me masu bincike suka ƙara? Sun auna, sun gano a wace irin ƙasa da wane yawan ruwa abin ke aiki, don a wuri mai ruwa da yawa ramin cika yake ya kashe shukar, a yashi kuma rushewa yake. Sun lissafa wahalar, haƙa hekta ɗaya da hannu sa'o'i ɗaruruwa ne a tsakiyar zafi, shi ya sa suka gwada yin sa da dabbobi don a rage aikin. Sun kuma rubuta abin ya fita duniya har ya kai wasu ƙasashe. Wannan shi ne rabon aikin da ya dace a wurina, kuma ina da tabbacin a cikin ƙungiyarku akwai mutum ɗaya ko biyu da gonarsu ke daɗewa ba ta yi yaushi ba in ruwa ya ɗauke. In malaman nan na kirki ne, gonar waɗannan za su fara tambaya a kai su.

Yanzu ga inda abin ke da sarƙaƙiya. Dabara na iya yin kyau a filin gwaji ta ƙi karɓuwa a hannun mutane kuma ba don taurin kai ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta daɗe tana koyar da wata hanya ta jiƙawa da busarwa, a kafa bututun roba mai huji-huji a cikin fadamar shinkafa, a bar ruwa ya janye har sai ya nutse zurfin santimita 15 daga saman ƙasa kafin a sake sakowa, sai lokacin fure ne kawai ake barin ruwa ya kwanta. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Amma a Bangaladash manoma da yawa ba su ɗauka ba, saboda mai injin famfo kuɗin kakar gaba ɗaya yake karɓa gwargwadon girman gona, ko ka sha da yawa ko kaɗan kuɗinka ɗaya, toh don me mutum zai wahalar da kansa yana leƙa bututu ribar ta tafi aljihun mai inji? Kaga wannan ba matsalar kimiyyar ƙasa ba ce, matsalar yadda ake biyan kuɗi ce, shi ya sa nake jin tsoron tawagar da duk injiniyoyi ne babu mai nazarin tattalin arziki ko zamantakewa ko ɗaya.

Ka ambaci rijiyoyinku na ja baya, wannan shi ya fi damuna a duk tambayar. Ina kyautata zaton cikin abin da za a yi muku tayi akwai famfo mai sola, kuma abu ne mai kyau, ya raba mutum da sayen mai. Amma kuɗin man nan da kuke kuka da shi shi ne birkin da ke hana kowa zuƙar ruwa yadda ya ga dama, in aka cire shi rana kyauta ce, famfo zai yi ta aiki daga safe har yamma. Dubi Punjab ta Indiya. Jami'ar aikin gona ta Punjab da ke Ludhiana an kafa ta a 1962 da taimakon jami'ar jihar Ohio, kuma ta yi rawar gani wajen mayar da jihar rumbun alkama da shinkafa, babu mai musun wannan. Sai dai shinkafa a wuri mai ƙarancin ruwan sama, ga rijiyoyin burtsatse ko'ina, ga wutar lantarki kyauta ga masu famfo, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nutsewa shekara da shekaru, mai kuɗi ya ƙara zurfin rijiyarsa ƙaramin manomi ya bi shi da ido. Har sai da gwamnatin jihar ta yi doka a 2009 ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni don a jira damina ta kusa. Haka ma tiyon ɗiga-ɗiga, mutum in ya ga ya rage ruwa a hekta ɗaya ba ajiye ragowar yake ba, ƙara hekta ta biyu yake, kuma ruwan da a da yake nutsewa ya koma rijiya yanzu ba ya komawa, ƙarshe jimillar abin da ake zuƙa ta ƙaru. Masana ruwa sun daɗe da sanin wannan. Don haka kafin a dasa famfo ko ɗaya, ku nemi su auna muku zurfin ruwan rijiyoyinku wata-wata na tsawon shekara, su gaya muku nawa damina ke mayarwa nawa kuke cirewa. Wannan aiki ne da jami'a ta fi kowa iyawa, igiya mai awo da ɗalibi ɗaya sun isa a fara, kuma da wannan lissafin ne ƙungiya za ta zauna ta yi wa kanta doka kan awa nawa kowa zai kunna inji.

In ka tambaye ni me ke raba haɗin gwiwar da ke barin alheri da wanda ke barin allon sanarwa mai tsatsa a bakin hanya, zan ce zama ne. A 2009 jami'ar aikin gona ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Farfesa Zhang Fusuo, ta fara tura ɗalibanta masu digiri na biyu su tare a ƙauyukan gundumar Quzhou a lardin Hebei, yankin da shi ma ruwan ƙarƙashin ƙasarsa ke ja baya. Ba ziyara ba, zama, ɗalibi ya kwana ya tashi a cikin ƙauyen kaka bayan kaka, manomi ya buga masa ƙofa da asuba ya ce zo ka ga abin da ganyena ke yi. Nan suka gano abubuwan da takardar tambayoyi ba ta taɓa nunawa, kamar mutum ya san lokacin da ya dace ya yi ban ruwa amma layin rijiya bai zo kansa ba, ko ya tafi birni neman kuɗi daidai lokacin. Amurka ma abin da ya gina nomanta kenan, dokar 1862 da ta ba jihohi filaye su kafa jami'o'in noma, sai ta 1914 da ta ɗaura wa jami'o'in malaman gona a kusan kowace gunduma, wato mai bincike da mai kai saƙo gida ɗaya suke.

Shi ya sa ni a wannan tayin naku jami'ar gida ta fi ta waje muhimmanci, ko da kuwa ta wajen ce ta zo da kuɗin da manyan na'urori. Irin waɗannan shirye-shirye shekara uku zuwa biyar ne, kuma kuɗin na iya yankewa dare ɗaya. An gani a 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, cibiyoyin binciken noma da dama da jami'o'in Amurka ke gudanarwa da abokan aiki a Afirka da Asiya suka tsaya cak ana tsakiyar gwaji. Wanda zai rage muku shi ne lakcaran da ke da nisan awa biyu a mota, da ɗalibin da ya yi bincikensa a gonarku wanda gobe shi ne malamin gona ko jami'in ma'aikata. Akwai masu ƙoƙarin gina wannan ɓangaren, kamar ƙungiyar jami'o'in Afirka ta RUFORUM da aka kafa a 2004 mai hedikwata a Kampala, da cibiyar WACCI ta jami'ar Gana da aka buɗe a 2007 tare da jami'ar Cornell don a horar da masu ƙirƙiro iri a gida maimakon a tura su waje su ƙi dawowa. Ka kuma sani, ba don in ɓata abokan aikina ba, shi malamin jami'a ƙarin girmansa na zuwa ne daga takardun da ya wallafa, ba daga buhunan da kuka girba ba. Ba mugunta ba ce, haka tsarin yake, amma in kun san haka za ku san cewa ku ma kuna da abin da suke buƙata, gonakinku da lokacinku da bayananku, ba alfarma kawai ake muku ba.

Toh in kun zauna da su Malam Sakatare, ku fara kai musu matsalarku da bakinku kafin su buɗe kwamfuta, ku ce ga abu biyu da suka fi ci mana tuwo a ƙwarya, ku ga ko shirin nasu na iya lanƙwasawa ya bi ta nan, in suka ce ai an riga an tsara komai toh kun san irin tawagar da na ba ka labari ce. Gwaji kuma a yi shi a ɗan yanki, kunya kaɗan a gefen yadda kuka saba don ido ya kwatanta, kar wanda ya ba da gonarsa gaba ɗaya, kuma a yi magana tun farko a rubuce wa zai ɗauki asara in gwajin ya lalace, don shi malami gwajin da ya faɗi ma sakamako ne zai rubuta, kai kuwa abincin gidanka ne. Kar a zaɓi gonakin shugabanni da masu hali kaɗai, a sa na ƙarshen layin ruwa da mata masu ƙananan filaye, don dabarar da ta yi aiki a gonar mai rijiya biyu ba ta gaya mana komai game da sauran. Duk na'urar da za a kawo a tambaya ina ake samun kayan gyaranta kuma wa za a koya wa gyaran a cikinku. Alawus na zaman bita ku karɓa in an bayar amma kar ya zama shi ne dalilin zuwa, na ga ƙungiyoyin da rabon alawus ya wargaza.

Sai kuma sakamako. Ku sa sharaɗi cewa ƙarshen kowace kaka za su dawo su yi muku bayanin abin da suka gano da harshenku, a bar muku kwafin awon ruwan sama da na rijiyoyi da na gwajin ƙasa a hannun ƙungiya, kai sakatare ka buɗe musu fayil. Ka karɓi suna da lambar waya ta malamin jami'ar gida da zai riƙa ɗauka in an kira, ba ta babban farfesan da zai zo ranar buɗe taro kawai ba. In sun amince da waɗannan ku sa hannu na shekara ɗaya tukuna, awon rijiyoyin kuma a fara shi tun da rani kafin ruwa ya sauka, don a samu zurfin da suke kaiwa a ƙarshen rani.